Koyar da Kokawa ga Yara 'Yan Ajin Share Fage

Kokawa tana daga cikin wasannin da yaron Bahaushe yake fara sani tun kafin a kai shi makaranta. A unguwannin birnin Katsina irin su Rafindadi da Ƙofar Ƙaura, da wuya a sami tsibin yashin gini a ƙofar gida ba tare da an ga yara suna kokawa a kai ba. Don haka malamin ajin share fage, wato mai kula da yara 'yan shekara 3 zuwa 5, ba baƙon abu zai kawo musu ba. Aikinsa shi ne ya tsara abin da suka riga suka saba da shi. Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun shekarar 2004, ta tanadi cewa wasa ne zai zama babbar hanyar koyarwa a wannan mataki.

Wajibi ne tun farko a bambanta kokawa da dambe. Dambe, wanda aka fi sanin rundawa da shi, wasa ne na naushi da hannun da aka naɗe da zare, kuma kai da fuska ake hari. Wannan bai dace da ƙaramin yaro ba ko kaɗan, komai sha'awarsa ga labarin Shago da waƙoƙin Ɗan'anace. Kokawa kuwa riƙo ce da turi da neman daidaiton jiki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka kaye ne darasin farko. Ba haka ba ne. Yaro a wannan shekaru kansa yana da girma idan aka kwatanta da sauran jikinsa, wuyansa bai yi ƙwari ba, ƙafafunsa kuma ba su gama kafuwa ba. Saboda haka faɗuwa ake fara koya masa: ya sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, ya lanƙwashe gwiwa, ya mirgina a kan yashi maimakon ya dafa ƙasa da miƙaƙƙen hannu, domin ta nan ne targaɗe da karaya suke zuwa. Haka ake yi a wasan judo, wanda Jigoro Kano ya kafa a Japan a 1882 (sunan nasa ba shi da alaƙa da birnin Dabo), inda ɗalibi yake daɗewa yana koyon faɗuwa kafin a bar shi ya kayar da wani. Domin ƙarfafa ƙafa kuwa, tsallen langa da ƙafa ɗaya ya wadatar.

Abu na biyu shi ne tsayawa. Da zarar malami ya tafa hannu ko ya ce “a saki”, kowa ya saki abokinsa nan take. Yaron da bai iya sakin ba, bai isa shiga fili ba tukuna, ko da ya fi kowa ƙarfi. A haɗa tsara da tsara, a yanke farce, a share tsakuwa, kuma kada zagaye ya yi tsawo, don hankalin yara ba ya daɗewa a kan abu guda.

Wasu iyaye sukan ce kokawa aikin 'yan tasha ce. Malami na iya tunatar da su cewa a Jamhuriyar Nijar, maƙwabciyar Katsina, tun 1975 ake gasar kokawa ta ƙasa wadda zakaranta yake karɓar takobi. Duk da haka, kada a sa yaro a fili sai da yardar iyayensa.