Wasa 88 Babu Tuntuɓe: Kakar 'Yan Rens Ta 1932 Zuwa 1933

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage sauti)

 Yau ƙwallon kwando za mu taɓo, amma ba irin ta yanzu da ake biyan ɗan wasa miliyoyin daloli ba. Za mu koma Amurka ta 1932, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, masana'antu suka rurrufe, magidanta na bin layi domin karɓar miya da burodi na sadaka.

A unguwar Harlem ta birnin New York akwai wani katafaren gidan rawa mai suna Renaissance, a kan titi na 138. A 1923 wani mutum, Bob Douglas, haifaffen tsibirin Saint Kitts, ya je ya yi ciniki da mai gidan: ka ba ni dandalinka yarana su riƙa wasa, ni kuma in sa wa ƙungiyata sunan gidanka. Daga nan aka samu New York Renaissance, wadda kowa ke kira Rens. 'Yan wasan baƙaƙen fata, mai ƙungiyar ma baƙar fata, kuma albashi ake biya. A kafa kwanduna biyu a kan daɓen katako mai santsi, a buga wasa, alƙali na hura usur na ƙarshe a janye kwandunan, makaɗa su hau, a shiga rawa har dare ya raba.

Sai dai kuɗin ƙofar Harlem kaɗai ba zai riƙe ƙungiya ba a wannan fatara, ga shi kuma tun kafin nan babbar gasar lig ta ƙwararru, ABL, ta riga ta ƙi karɓarsu saboda launin fatarsu. Sai Douglas ya ɗora su a bas, suka shiga yawon garuruwa, duk inda aka kira su je. A kakar 1932 zuwa 1933 sun buga wasa 128. Sun ci 120, an doke su sau 8. A tsakiyar wannan ne suka jera nasara 88 cikin kwana 86. Ku lura, masu sauraro, wasannin sun fi kwanakin yawa, ma'ana akwai ranar da sai an buga sau biyu kafin a kwanta.

(Ƙarar ƙwallo a kan katako)

Kuma mutum bakwai ne rak suka ɗauki wannan nauyi. Kyaftin ɗinsu Clarence Jenkins, wanda ake wa laƙabi da Fats, gajere ne, amma da wuya a samu mai kamo shi a guje. Da bazara shi da Bill Yancey sukan koma ƙwallon besbol a gasar baƙaƙen fata. Eyre Saitch zakaran tanis ne. Akwai Pappy Ricks gwanin jifa, da John Holt, sai dogaye biyu, Tarzan Cooper da Willie Smith. A wancan zamanin duk lokacin da aka jefa ƙwallo a kwando, sai a dawo tsakiyar fili alƙali ya wurga ta sama a yi tsalle. Ƙungiyar da take da Cooper da Smith a tsakiya, kusan kullum ƙwallo hannunta take komawa. Babu kuma agogon daƙiƙa 24 da ke tilasta jifa, sai a 1954 ya zo, don haka idan 'yan Rens suka shiga gaba sai su yi ta miƙa wa juna ƙwallo, ba ta ko taɓa ƙasa, abokan hamayya na bin iska. John Wooden, wanda daga baya ya zama mashahurin kocin jami'ar UCLA, ya kara da su yana matashi a Indianapolis, kuma har tsufansa yana cewa bai ga masu wasan haɗin kai kamarsu ba.

Wahalar tasu ba a cikin fili take ba. Garin da mutanensa suka biya kuɗi suka cika ɗaki don kallonsu, shi ne garin da otal zai ce babu ɗaki, gidan abinci ya ce ba a sayar wa baƙar fata. Don haka sukan kama masauki a babban birni irin Chicago ko Indianapolis, su yi tafiyar mil 200 zuwa wurin wasa, a tashi su juyo cikin dare, suna cin burodi da nama mai sanyi a cikin mota. Gobe kuma wani garin.

Akwai wani da ba ya taɓa ƙwallo amma ya cancanci a ambace shi: Eric Illidge, sakataren tafiye-tafiyen ƙungiyar. Kafin wasa zai tsaya da 'yar na'urar ƙirga a tafin hannu, yana latsawa duk wanda ya shigo, saboda rabon ƙungiyar daga kuɗin ƙofa yake fitowa, masu shirya wasa kuma sun iya rage lissafi. Yana kuma ɗauke da ƙaramar bindiga. Dokarsa ɗaya ce: ba wanda zai fito fili sai kuɗi sun shiga aljihunsa. Alƙalan wasa ma na garin ne. John Isaacs, da ya shigo ƙungiyar a 1936, ya sha ba da labarin cewa umarnin da ake ba su shi ne su yi maza su tara maki goma tun farko, domin goman nan alƙali zai ƙwace.

Wani zai ce ai da yawa cikin waɗanda suka doke ƙananan ƙungiyoyin ƙauye ne. Gaskiya ne, ba a musu. Amma a duba inda rashin nasarar ta fito. Shida daga cikin takwas ɗin a hannun ƙungiya guda ne, Original Celtics, ta New York ba ta Boston da muka sani yau ba, wadda ita ce gagarabadan fararen fata a lokacin. Su ne ma suka tsinke igiyar 88 ɗin. To a kakar nan 'yan Rens sun lallasa su sau takwas. Ba za a ce wanda ya yi haka da sarakunan wasa ƙananan yara kawai yake iya ci ba.

A kundin NBA, nasara mafi tsawo a jere ita ce 33 ta Los Angeles Lakers a kakar 1971 zuwa 1972. Ta 'yan Rens ba ta ciki, domin ba a gasar lig aka yi ta ba, kuma ba su suka ƙi shiga ba. Da aka buɗe musu ƙofa a 1939, a gasar ƙwararru ta duniya ta farko a Chicago, sun fitar da Harlem Globetrotters a wasan kusa da na ƙarshe, sannan suka doke Oshkosh All-Stars da ci 34 da 25 suka ɗauki kofi. Ƙungiyar Rens ta watse a 1949, shekara guda kafin baƙar fata na farko ya taka filin NBA. A 1963 aka shigar da ita zauren karrama gwanayen wasan da ke Springfield, shi kuwa Bob Douglas sai a 1972.

A nan za mu dakata a shirin namu na yau. Sai wani makon idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)