Murfin Iska a Jikin Mota: Kada a Bar Shi a Ɓalle, Kada a Toshe Shi

Tirelar da ta ɗauko shanu daga Potiskum ko Wudil zuwa mayankar Oko-Oba a Agege tana cin tafiyar da ta kai kilomita 1,000 ko fiye, haka ma wadda ta kawo albasa da tumatir kasuwar Mile 12. A tsawon waɗannan kwanaki, da kwanakin jiran a sauke kaya a samu lodin komawa, direba ba shi da wani ɗaki sai kan motarsa. Bayan kujera ga ɗan gado da katifa, ga darduma da buta, ga jakar kaya, ga wayar caji tana reto. Nan yake kwana, nan yake jinya idan zazzaɓi ya kama shi. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano Hausawa suke safarar goro da dabbobi ta Agege, amma yau yawancin kayan a kan taya suke zuwa, kuma mutanen da ke tuƙa motocin rabin rayuwarsu a cikin ƙarfe take.

A Amurka akwai motocin da ake ƙerawa musamman domin a zauna a ciki, da kicin da banɗaki da gado, irin na kamfanonin Winnebago da Airstream. Masu su sun san cewa cikin abubuwan da suka fi saurin lalacewa akwai ɗan murfin roba da ke rufe kafar iska daga waje, wanda hayaƙin girki ke fita ta cikinsa. Su da ya karye sai su sayo wani su ɗaura. Mu ba mu da irin waɗannan motoci sai jefi-jefi, amma murfin muna da shi, kuma namu ya fi nasu shan wahala.

A motocin da ke bin hanyoyinmu yana zuwa kala uku. Akwai na saman rufi, wanda ake ɗagawa da hannu, kamar a kawunan DAF da MAN da dogayen bas-bas masu zuwa Arewa. Akwai ƙaramar ƙofa a gefen wurin kwanan direba, wadda aka fi gani a manyan motoci ƙirar Amurka irin su Mack. Na ukun kuwa mutane da yawa sun shekara da mota ba su taɓa ganinsa ba: wani ɗan akwatin roba ne mai faifan roba masu laushi, a ɓoye bayan bamba ta baya a ƙananan motoci, ko a bangon bayan kai a wasu manyan. Wannan na ɓoye aikinsa ɗaya ne, ya bar iska ta fita, ya hana ta dawowa. Idan ka rufe ƙofa da ƙarfi ko ka kunna fanka, iskar ciki ta tura faifan su buɗe; da ta fita sai su koma su kwanta.

Abin da ke kashe su ba ɓoyayye ba ne. Ranar Arewa tana cin roba har ta yi fari-fari ta bushe, ta koma tana karyewa kamar ƙanzo. Ƙurar hunturu ta cika hinjin ya ƙage, sai a tura shi da ƙarfi ya tsage. A gangaro Kurmi kuma damina ta karɓa: ruwan Legas yana farawa gadan-gadan daga Afrilu, ya kai maƙura a Yuni, ga laima, ga iskar gishiri ga wanda ke shiga Apapa, sai tsatsa ta cinye noti da ƙusa. Sauran kuma aikin mutane ne. Yaron mota ya hau sama ɗaure tamfal ya taka murfin, ko a manta shi a ɗage a kama hanya, iska ta yi ta kaɗa shi daga Jebba har Ogbomosho.

Da ya ɓalle, abu biyu aka saba yi, kuma duka biyun kuskure ne. Na farko a ce "ai ba ya hana mota tafiya, a lallaɓa." Na biyu a samo kwali da leda da salatif, ko a kira mai walda ya ɗora langa-langa ya rufe wurin gaba ɗaya, a huta.

Wanda ya bar shi a buɗe zai fara ganin abin a katifa: ta jiƙe, ta yi wari, ta yi baƙin funfuna. Ruwan da ya bi ta ƙarƙashin silin ɗin rufi yana bin wayoyin wuta ya sauka inda ba a zata ba, sai fitila ta riƙa ɗaukewa, a yi ta canza fis ana zagin mai gyaran waya alhali ba laifinsa ba ne. Wannan duk asarar kuɗi ce, ana iya jure ta. Abin da ba a jurewa shi ne hayaƙi. Mota idan tana gudu, iskar da ke bayanta tana yin juyi ta janyo hayaƙin salansa zuwa jikinta, kuma duk kafar da ke baya wadda ba ta da murfi ƙofa ce gare shi. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da ɗoriya, ta hana jinin kai iska ƙwaƙwalwa. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci mai nauyi, wato dai abubuwan da direba zai ɗauka gajiya ce ko maleriya, ya sha fanadol ya ci gaba da tuƙi. Injin fetur ya fi na dizal fitar da ita, shi ya sa ƙaramin janareta da mai shayi ya kunna a gindin tirela, ko kurfotin gawayi da aka shigo da shi saboda sanyi, suka fi salansar tirelar kanta haɗari ga mai barci.

Wanda ya toshe shi kuma ya ɗaure iskar ciki. Gilashin gaba zai riƙa yin hazo da damina, ƙofa ta riƙa ƙin rufuwa sai an buga, numfashin mutum biyu ko uku ya taru a ɗan wuri har barci ya riƙa fizgar mai tuƙi. A doguwar bas abin ya wuce haka, domin murfin saman nan shi ne mafitar gaggawa idan mota ta kwanta ta gefe ƙofa ta danne. Wanda ya yi masa walda ya rufe wa fasinjoji hanyar tsira da hannunsa.

Gyaran kansa ba ya buƙatar babban gareji. A fara da duba abin da ya lalace, domin sau da yawa murfin lafiyarsa lau, sandar hinjin ce ta zare ko ɗan kunnen da take shiga ya gutsure. Idan sandar ce, guntuwar waya mai kauri wadda ba ta tsatsa ta isa, a lanƙwasa bakinta biyu don kada ta sake zarewa. Idan tsagewa ce a jikin roba, abu na farko shi ne a huda ɗan rami ƙarami a daidai inda tsagar ta ƙare. Ramin nan shi ke hana ta ci gaba da tafiya, kuma shi ne abin da masu gaggawa suke tsallakewa. Daga nan a wanke wurin da omo, a bar shi ya bushe, a goge da samfefa.

Maganar gam tana son lura. Supa gulu ba ya jure rana da girgiza, mako biyu ya saki. Araldite yana kama roba mai tauri da faiba, amma akwai wata roba mai santsi kamar ta jarka wadda gam ɗin da aka saba amfani da shi ba ya riƙe ta. Idan ka juya murfin ka ga an rubuta PP ko PE, to ita ce. Irin wannan sai ɗinki da wuta, aikin da masu gyaran bamba suka ƙware a kai: a ɗora guntun ragar ƙarfe ta ciki, a bi ta da ƙarfen soda mai zafi har ta nutse cikin robar, a cike da narkakkiyar roba irinta. Wanda ya ga an yi wannan sau ɗaya zai gane bambancinsa da shafa gam a kan ƙura.

In murfin ya riga ya ruɓe, yana ɓarɓashi a hannu, kada a ɓata kuɗi wajen ɗinki. A cire shi a tafi da shi kasuwar Ladipo a Mushin a gwada da na gwanjo, domin ido kaɗai yana yaudara, ramukan noti sukan saɓa. Idan ba a samu ba, mai aikin alminiyom zai yanka wani a kan tsohon, ya haɗa da hinji da ribit. Faifan na ɓoye kuwa tsohon tiyub na babur yana maye gurbinsu, muddin an yanka shi daidai kuma ya kwanta lif. A ɗaura shi ta sama kawai, ya buɗe zuwa waje. Na saman rufi a tabbata hinjinsa yana fuskantar gaban mota, yadda iskar tafiya za ta riƙa danne shi maimakon ta ɗaga shi. Kafin a mayar da firam ɗin murfin a kankare tsohon gam da tsatsa tas, a shafa fenti, a sa sabon gam mai hana yoyo a ƙarƙashi, kada a matse noti har roba ta tsage. Sannan a sa yaro ya zuba bokitin ruwa daga sama, wani yana ciki da tocila yana dubawa.

Direba yakan ji nauyin zuwa wurin maigida da maganar ɗan murfi, gudun kada a ce yana neman na cefane. Saboda haka kiran ga masu motoci ne da shugabannin tasha na NURTW da NARTO a Agege da Mile 12: idan direba ya ce, "Alhaji, murfin sama ya ɓalle," a ba shi kuɗin gyara a ranar, kuma a sa duba waɗannan murafe cikin abin da ake yi wa mota a watan Maris, kafin ruwa ya sauka.