Matar Soja Tsakanin Gandu da Bariki: Nazari Daga Ƙasar Kazaure

Gabatarwa

A tsarin zaman Bahaushe, ci da sha da tufafi da muhalli suna wuyan maigida, tafiyar da cikin gida kuwa tana hannun matar aure. Wannan rabo an gina shi ne bisa zaton cewa miji yana gari. Soja kuwa mutum ne wanda ba shi da ikon kansa, inda aka ce ya tafi nan zai tafi. Wannan maƙala za ta duba yadda matarsa ke riƙe gida, musamman a garuruwan manoma irin su Achilafiya ta ƙaramar hukumar 'Yankwashi, da maƙwabtanta na Roni da Gwiwa da Ɓaɓura.

Mayaƙin Da da Sojan Zamani

Ƙasar Kazaure ba baƙuwar yaƙi ba ce, domin da takobi Ɗantunku ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19. Amma yaƙin wancan zamani galibi aikin rani ne. Sai an kai amfanin gona gida ake fita, kafin damina kuma an komo. Mayaƙi yakan bar iyalinsa cikin gandu, watau inda uba da 'ya'yansa maza ke noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Saboda haka tafiyarsa ba ta kashe wutar murhu.

Aikin soja na albashi ya zo da sabon al'amari. Tun daga 1863, lokacin da Glover ya tara rundunar Hausawa a Ikko, har zuwa rundunar da aka ɗora wa Lugga kafawa a 1897, soja ya zama mai barin gida shekara da shekaru. An kai Hausawa Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, an kai su Kwango a 1960, inda barikin Bukabu na Kano ya samo sunansa. Sa'an nan ga Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, da Laberiya daga 1990, da rikicin arewa maso gabas tun 2009.

Zama a Gidan Surukai

In soja ya bar matarsa a ƙauye, mahaifinsa ko wansa shi ne wakili. Shi zai auna mata hatsi, shi zai ba da izinin unguwa, in an haihu kuma shi zai nemo rago ya sa a raɗa suna ran bakwai. Wannan rufin asiri ne babba, amma yana da nasa ɗaci. A da kuɗi ta hannun wakili suke biyowa, wasiƙa kuma sai an nemo mai karantawa, don haka ba sirri tsakanin miji da mata. In cefane ya gaza, kunyar surukai ba ta barin mace ta buɗe baki. Sai ta koma ga sana'ar cikin kulle, kamar ƙuli-ƙuli da saƙar faifai da kiwon awaki, yara na yi mata talla, tana zuba adashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shigowar wayar hannu daga 2001, da tura kuɗi ta banki, sun ba mace damar jin muryar mijinta da karɓar rabonta kai tsaye. Sai dai a daidai lokacin gandu ya yi rauni, kowa ya ware tukunyarsa. Nauyin asibiti da makaranta da tarbiyya ya dawo kanta, alhali al'ada ba ta miƙa mata ikon yanke hukunci ba.

Zama a Bariki

Wadda ta bi mijinta kuwa, wata duniya take shiga. Ba zaure, ba katanga, maƙwabtanta kuma daga kowace ƙabila. Daga irin wannan cuɗanya ne aka sami Barikanci, watau Hausar da ba ta kula da jinsi ko karin sauti. Kalmar bariki kanta ta ɗauki ma'anar sakin al'ada a bakin Bahaushe, shi ya sa wadda ta dawo ganin gida takan yi taka-tsantsan kada a ce mata 'yar bariki.

Abin sha'awa shi ne, bariki ya ari sarautar Hausa don tsare lamarin mata. Shugabar matan sojoji Magajiya ake kiranta, har a barikokin kudu da na Gana. Ita ke sulhunta rigima, ta sa ido kan tsabta, ta kai kukan mata gaban hafsoshi. Aikin da uwargida da dattijan gandu ke yi a ƙauye, shi ta gada. Matan hafsoshi kuma suna da ƙungiyarsu, wadda Maryam Babangida ta shugabanta daga 1983. Kasuwar Mami da ke barikoki ita ce madadin sana'ar kulle.

In Labari Ya Yanke

Mafi tsananin jarrabawa ita ce a daina jin ɗuriyar miji, ba gawa, ba saƙo. Fiƙihun Malikiyya bai bar mace a rataye ba. Littafin Risala ya nuna cewa matar wanda ya ɓace za ta kai magana gaban alƙali, a bincika, a yanka mata shekara 4, sa'an nan ta yi takaba ta wata 4 da kwana 10. Wanda ya ɓace a fagen fama kuwa, malamai sun gajarta wa'adinsa. Haka nan tana da ikon neman rabuwa in ciyarwa ta yanke.

In mutuwa ta tabbata, wata matsala takan taso. Kurtu yakan rubuta sunan ubansa ko ɗan'uwansa a matsayin magaji tun yana saurayi, ya yi aure bai sake ba. Sai dangi su ɗauka haƙƙin mamaci nasu ne, alhali wanda aka rubuta ɗan amana ne kurum. Shari'a ta ba mata sumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, marayu kuma suna da kasonsu. Ga shi ɗakin bariki ba a gadonsa, bayan wani lokaci dole a tashi.

Kammalawa

An ga cewa a ƙauye da bariki, al'ada ta tanadi mai tsayawa a madadin maigida, wakili a can, Magajiya a nan. Amma dukansu ba su kai ƙarfin gandun da ba. Abin da ya rage shi ne soja ya daidaita gidansa tun ƙafarsa tana ƙasa: ya gyara takardar magaji, ya bayyana wa dangi abin da ya danƙa wa matarsa, ya ƙarfafa mata jari. Dangi kuma su tuna zumunci a ƙafa yake, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.