Gaskiya ko Jita-jita: Motar Tsere Mai Rimut

Akwai motocin rimut masu tsere a turɓaya da ake sayarwa a wargaje, mai saye ya haɗa da hannunsa. Kamfanin Tamiya na Japan ya fito da Rough Rider a 1979, sannan a 1985 hukumar IFMAR ta shirya gasar duniya ta farko ta masu lantarki da ke tsere a turɓaya a Kalifoniya ta Amurka, inda motar RC10 ta kamfanin Team Associated ta lashe ɗaya daga cikin rukunan gasar. Ga abubuwan da sababbin shiga ke yawan faɗa.

"Inji mai ƙarfi shi ke cin tsere." Jita-jita. A kan turɓaya, ƙarfin da taya ba ta iya riƙewa ƙura kawai yake tayarwa. Gwanaye kan fara da zaɓen taya: mai dogayen ƙuraje don ƙasa mai laushi, mai gajeru don daɓaɓɓiyar laka.

"Ƙara haƙoran giyar inji na ƙara gudu." Gaskiya, amma da tsadarsa. Motar za ta fi gudu a miƙaƙƙiyar hanya, sai dai tashinta zai yi nauyi, inji kuma ya ɗau zafi. A fili mai yawan kwana, giya mai ƙarancin haƙora ta fi.

"A ɗaure kowane sukuru tamau." Jita-jita. Yawancin sassan roba ne, matsi da yawa yana cinye ramin. Da sukuru ya zauna, a tsaya. Gam ɗin da ke hana shi kwancewa na ƙarfe da ƙarfe ne, yana lalata roba.

"Man shokozoba mai kauri ya fi." Ba kullum ba. Mai kauri yana rage motsin shokozoba, ya hana cikin mota dukan ƙasa idan ta diro daga tsalle. A fili mai gargada kuwa sai ta riƙa tsalle-tsalle, taya ta rasa riƙo. Can mai ruwa-ruwa ake so.

"Masu hayaƙi fetur suke sha." Yawanci jita-jita ce. Masu girman 1:8 suna shan haɗin metanol da nitrometan da man shafawa. Manya masu girman 1:5 ne ke shan fetur gauraye da mai.

"Batirin LiPo na iya kamawa da wuta." Gaskiya. Kowace ƙwayar batirin tana cika a bolt 4.2, kuma ba a barinta ta sauka ƙasa da 3.0. Cajin da ya wuce ƙima ko huda na iya jawo gobara. Batirin da ya kumbura, a daina aiki da shi.

Wajen saita mota kuwa, ba a sauya abu biyu lokaci guda. A sauya ɗaya, a zaga fili, a duba agogo, a rubuta. Wanda ya canza taya da giya da mai tare, ko motar ta gyaru, ba zai san abin da ya gyara ta ba.