Dalma a Allon Jami'a, Dalma a Ramin Zinare

Duk ɗalibin kimiyyar sinadarai a ABU Zariya ko Jami'ar Jihar Kaduna ya san kwas ɗin rukunin p, wato layuka shida na hannun dama a jadawalin sinadarai, daga na 13 zuwa na 18. Yawanci hadda ake yi masa, a juye a jarrabawa, a manta. Abin takaici ne, domin rabin darasin yana kwance a duwatsun Birnin Gwari.

Tun shekarun 1930 ake haƙar zinare a Tsohon Birnin Gwari. A jijiyar dutse kuwa zinare ba ya zama shi kaɗai. Yakan zo tare da ma'adinan farar wuta, wani lokaci har da galina, baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake dakawa a yi tozali. Galina dalma ce, ta layi na 14, haɗe da farar wuta, ta layi na 16.

Malami zai rubuta a allo cewa dalma ta fi zama daram da caji biyu a kan huɗu, don ilektaron biyu na wajenta sukan ƙi shiga haɗi. Ɗalibi ya kwafa, bai san me ya kwafa ba. Kalsiyam ma caji biyu gare shi, shi ya sa jikin yaro ke ruɗewa, ya karɓi dalma a madadinsa, ya kai ta ƙashi da ƙwaƙwalwa.

A 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega na Zamfara, an riƙa niƙa dutsen zinare a busasshe cikin gidaje. Ƙura mai ɗauke da dalma ta sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe, suna kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari.

Maganin ma daga wannan kwas ya fito. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun bai wa yaran DMSA, ƙwaya mai ɗauke da farar wuta, don dalma na manne mata kamar yadda take yi a cikin galina, sai fitsari ya fitar da su tare. Ga masu haƙa kuma, aka koya musu jiƙa dutse kafin niƙa, da ɗauke injin niƙa daga cikin gari.