Akwatin Giyar Mota: Bambancin Sabo da Sabuntacce

Bayan inji, da wuya a sami wani sashe na mota da ke cin kuɗi idan ya lalace kamar akwatin giya, wanda kanikawa ke kira giyabos. Ranar da ya soma ƙugi, ko giya ta riƙa fita da kanta, ko inji ya yi ta ruri amma mota ta ƙi ja, mai mota kan sami kansa gaban zaɓi huɗu. Ko dai ya sayi sabo fil, ko ya sayi wanda aka kwance daga wata mota, ko a gyara masa nasa a gareji, ko kuma ya sayi wanda aka sabunta a masana'anta. A kasuwa akan cakuɗa ukun nan na ƙarshe, a kira su da suna ɗaya, alhali kuwa tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Sanin wannan tazara na iya kuɓutar da mutum daga asarar dukiya, wani lokacin ma daga kwana a daji.

Aikin Akwatin Giya

Injin ƙaramar mota yana juyawa ne tsakanin sau 800 zuwa sau 6,000 a minti ɗaya. Ita kuwa taya, ko da mota na gudun kilomita 100 a awa, juyawarta kimanin sau 900 ne kawai a minti. Saboda haka dole a sami abin da zai shiga tsakani, ya rage yawan juyi, ya ƙara ƙarfinsa. Wannan shi ne aikin akwatin giya, kuma yana yin sa ne da faya-fayan ƙarfe masu haƙora. Alal misali, idan faifai mai haƙora 15 yana juya mai haƙora 45, sai ƙaramin ya zagaya sau uku kafin babban ya zagaya sau ɗaya. Gudu ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku ke nan, amma ƙarfin murɗawa ya ninka uku. Shi ya sa ake tashi da giya ta ɗaya, ake kuma komawa ƙaramar giya wajen hawan tudu.

Akwatin iri biyu ne aka fi sani. Akwai na hannu, wanda direba ke taka kuloci ya sauya giya da kansa. Akwai kuma otomatik, wanda ke sauyawa da kansa ta hanyar matsin mai. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara ƙera irin wannan da yawa, ya kira shi Hydra-Matic, ya sa shi a motocin Oldsmobile samfurin 1940. Na zamanin yanzu har da 'yar kwamfuta da ke yanke shawarar lokacin sauya giya.

Sassa Ba Su Tsufa Tare

Ɗalibin ilimin halittu ya san cewa sassan jikin ɗan Adam ba tsawon rai ɗaya ke gare su ba. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin hanji kan sauya cikin 'yan kwanaki, jajayen ƙwayoyin jini kan yi kwana 120 ko kusa da haka, shi kuwa ƙashi sannu a hankali yake sabunta kansa, kimanin kashi 10 cikin 100 a shekara ga baligi. Haka abin yake a cikin akwatin giya, illa dai shi ba ya iya sabunta kansa.

Akwai sassa masu saurin cinyewa. Robobin da ke hana mai yoyo kan bushe su tsage saboda zafi. Boris, wato ƙwallayen ƙarfen da sanduna ke juyawa a kansu, kan yi sako-sako. A na hannu, zobban tagulla masu daidaita gudun faya-fayai kafin su haɗu kan goge. A otomatik akwai faya-fayan kuloci masu yawa da ke aiki cikin mai, kuma fuskar yawancinsu wata takarda ce ta musamman da aka yi da zaren tsirrai, wato selulos, aka haɗa da ƙaro mai jure zafi. Idan mai ya yi zafi fiye da kima, takardar kan ƙone.

Akwai kuma sassa masu dogon kwana: gangar akwatin, wadda akasari ta alminiyam ce, da sanduna, da su faya-fayan haƙora. Wajen ƙera faifai akan gasa shi a zafin da ya kai digiri 900 ko fiye cikin iska mai ɗauke da kabon, sannan a sanyaya shi farat ɗaya. Wannan kan sa bayansa ya yi tauri ƙwarai, kaurin kimanin milimita ɗaya, cikinsa kuma ya kasance da 'yar danƙo don kada ya karye. Ya yi kama da haƙorin mutum, mai ɓawo mai tauri a waje. Muddin ɓawon bai fashe ba, faifan na iya daɗewa fiye da motar kanta. In kuwa ya fashe, ba ya komawa.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, idan aka ce akwatin giya ya mutu, sau da yawa sassa ƙalilan ne suka mutu, mafi yawan ƙarfen da ke cikinsa lafiyarsa lau. A kan wannan hujja aka gina sana'ar sabuntawa.

Yadda Ake Sabuntawa

Da farko akan kwance tsohon akwatin gaba ɗaya, har ƙusar ƙarshe, a wanke kowane yanki. Daga nan sai bincike. Akan auna sassa da maikiromita, ma'aunin da ke gane bambancin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Don a fahimci ƙanƙantar wannan, kaurin gashin kan mutum kimanin kashi bakwai ne cikin ɗari na milimita. Duk yankin da ya kauce wa awon da kamfanin asali ya tsara, ko dai a yi masa aiki a kan injin fiƙe ƙarfe ya dawo daidai, ko a jefar da shi.

Ido kaɗai ba ya isa, domin ƙarfen da aka daɗe ana lanƙwasawa ana saki yakan gaji, ya yi tsagar da ba a gani. Don gano ta a jikin baƙin ƙarfe, akan mayar da shi maganaɗisu, a watsa masa garin ƙarfe, sai garin ya taru a kan layin tsagar. Alminiyam kuwa ba ya kama maganaɗisu, don haka akan shafa masa rini mai ratsa tsaga, a goge, sannan a fesa farar hoda wadda ke zuƙo rinin waje.

Sassa masu saurin cinyewa ba a tsayawa tantance su ɗaya-ɗaya a masana'antar kirki. Akan zubar da robobi da gasket da faya-fayan kuloci da matatar mai, a sa sababbi. Idan kuma kamfanin asali ya gano wani aibi a tsarin akwatin bayan ya shiga kasuwa, ya kuma fitar da gyararren yanki, to shi za a sa. Bayan an harhaɗa, sai a ɗora akwatin a kan na'urar gwaji, a juya shi a kowace giya, a auna matsin mai da zafi da ƙara, kafin a ba shi takardar garanti.

Ina Bambancin Yake?

Sabon akwati dai kowane yanki nasa sabo ne, bai taɓa ɗaukar nauyi ba, don haka babu gajiyar ƙarfe a tattare da shi. Wannan fifiko ne na haƙiƙa. Sai dai shi ya fi tsada, kuma idan an daɗe da daina ƙera irin motar, mai yiwuwa ba za a same shi ba sam. Sabuntacce kuwa gangarsa da wasu faya-fayansa sun taɓa aiki, amma an auna su da ma'aunin da ake auna sabo, an kuma gwada shi. Yakan fi sabo araha, kuma akan karɓi jinginar kuɗi daga mai saye har sai ya mayar da tsohon akwatinsa, domin shi ne abin da za a sabunta wa wani gobe.

Gyaran gareji daban yake. Bakanike kan buɗe akwatin, ya sauya abin da ya lalace, ya mayar da sauran yadda suke. Ƙwararre na iya yin aiki mai kyau, amma sassan da ya bari suna nan da shekarunsu. Shi kuwa wanda aka kwance daga wata mota, irin wanda aka fi samu a kasuwannin kayan gyara kamar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, ana kiransa ɗan Beljiyam, galibi ba a buɗe shi ba, ba a kuma san tafiyar da ya yi ba. Ana iya dacewa, ana iya rashin dacewa.

Tarihi da Amfani ga Muhalli

Ƙarancin kaya ne ya raya wannan sana'a. A watan Fabrairun 1942 masana'antun Amurka suka daina ƙera motocin farar hula, suka koma kayan yaƙi har zuwa 1945, sai ya zama tilas a sabunta tsofaffin sassa. Bayan yaƙin, Volkswagen a Jamus ya soma shirin musayar tsohon yanki da sabuntacce a 1947, Renault kuma ya fara irin wannan aiki a Choisy-le-Roi kusa da birnin Faris a 1949, kafin ya sanar a 2020 cewa zai mayar da shi masana'antarsa ta Flins. A 1984 Bankin Duniya ya wallafa rahoton Robert Lund a kan darasin da ƙasashe masu tasowa za su ɗauka daga wannan sana'a.

Amfaninta ga muhalli a fili yake. Samar da tan ɗaya na baƙin ƙarfe kan fitar da kusan tan biyu na iskar kabon dayoksaid. Narkar da tsohon alminiyam kan ci kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake bukata wajen tace sabo daga ma'adini. Sabuntawa ta ma zarce narkarwa, domin ba ƙarfen kaɗai take ceta ba, har da aikin zubi da fiƙa da gashi da aka riga aka yi masa.

Abin Lura ga Mai Saye

Wankewa da fenti ba su mayar da akwati sabuntacce. Ya kamata mai saye ya tambayi sunan masana'antar da ta yi aikin, ya nemi garanti a rubuce, ya kuma tabbatar lambar akwatin ta dace da motarsa. Idan na kwance ne, a duba mansa: baƙin mai mai ƙauri, ko ɓarɓashin ƙarfe mai yawa a jikin maganaɗisun da ke ƙasan akwatin, alama ce ta ɓarna. Wajen ɗora otomatik kuma, wajibi ne a wanke ko a sauya bututu da na'urar sanyaya mai, domin dattin tsohon akwati na iya kashe sabon, sannan a zuba irin man da kamfani ya ayyana.

Hausawa na cewa araha ba ta ado, suna kuma cewa da tsohuwar zuma ake magani. A sha'anin akwatin giya duka biyun gaskiya ne, kuma abin da ke raba su shi ne awo da gwaji. Ɗalibin da ya iya karanta maikiromita, ya fahimci yadda ƙarfe ke gajiya, ya riga ya kama hanyar sana'ar da kasuwannin kayan mota ke matuƙar bukata.