Mota mai gudu ta hannu: inda lalacewa ke ɓuya

A Gidan Rumji, mai neman Mercedes ko BMW ta hannu yakan nufi Maradi, inda ake saida motocin da suka gama aiki a Turai. Fenti na ruɗi, lambar kilomita kuma ana iya maida ta baya, amma gogewar sitiyari da robar birki na tona asiri. Gara a tada injin da sassafe tun yana sanyi: shuɗin hayaƙi na nufin yana ƙona baƙin mai, fari mai kauri kuwa ruwa ne ke shiga. Makanike ya leƙa ƙasa, don gishirin da Turawa ke watsa wa hanya lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe. Kuma irin wannan mota ƙasa-ƙasa take, kwalta take so, ba yashin ƙauye ba.